Ɗacin yerba mate ya kore ni tun kurɓar farko, a ina na kuskure?

Auwalu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ganyen nan da ake kira yerba mate, wanda mutanen Kudancin Amurka suke sha. Yayana ne ya dawo daga tafiya ya yi mini tsarabarsa, ƙunshi ɗaya na rabin kilo mai suna Taragüi, haɗe da ɗan ƙoƙo na duma da bututun ƙarfe mai 'yan huda a gindi, saboda ya san na daɗe ina tambayar abin da 'yan ƙwallon Ajantina suke riƙewa a hannu, flas a hammata, duk lokacin da suka sauko daga mota. Sau uku ina gwadawa, kuma sau ukun na sha kashi. A karon farko na zuba cokali uku a tukunya na dafa shi yadda muke dafa shayi, na tace, sai ga wani ruwa mai ɗaci kamar maɗaci wanda ko sukari bai iya da shi ba. A karo na biyu na cika ƙoƙon da ganye, na kwarara tafasasshen ruwa, na juya da bututun, sai bututun ya toshe, da na ja da ƙarfi kuma ya ƙona mini leɓe, gari ya cika mini baki. Na daure na shanye bayan sallar isha'i, daren ranar kuwa har aka kira assalatu idona biyu. Da na ɗauko ƙoƙon bayan kwana huɗu domin gwaji na uku, sai na tarar cikinsa ya yi fari da funfuna. Shin ganyen ne ya lalace a hanya, ko kuwa ni ne ban iya ba?

Hajiya Binta

Wa alaikumus salam. Auwalu ƙanena, ganyenka lafiyarsa lau, kuma duk abin da ka lissafa na yi irinsa a watanmu na farko a Buenos Aires, inda aikin maigidana ya kai mu muka yi shekara huɗu. Babban kuskurenka shi ne ruwa. Ba a dafa ganyen a tukunya idan da bututu za a sha, kuma ba a zuba masa tafasasshen ruwa, domin zafin da ake so yana tsakanin digiri 70 da 80 ne kawai. Idan ba ka da ma'auni, ka saurari butarka, da zarar ta fara 'yar ƙara, ƙananan kumfa suka fara taruwa a ƙasanta, to ka sauke. Idan kuma ruwan ya riga ya tafasa, ka haɗa kofi uku nasa da kofi ɗaya na ruwan randa ka juye a flas, za ka samu abin da ya kusa daidai.

Ga yadda maƙwabciyata ta koya mini a kicin ɗinta. Za ka zuba ganye ya kai kashi biyu cikin uku na ƙoƙon, ka rufe bakin da tafin hannunka, ka kife shi ka girgiza sau uku ko huɗu. Idan ka ɗaga hannun za ka ga koren gari ya manne a tafinka, wannan shi ne garin da ya toshe maka bututu, girgizar kuma ta dawo da shi sama ta bar manyan ganye a ƙasa. Sai ka miƙar da ƙoƙon a hankali a karkace, yadda ganyen zai taru a gefe guda kamar tudu, ɗaya gefen ya zama rami. A cikin ramin nan za ka ɗiga ruwa mai ɗumi-ɗumi kaɗan, ka jira minti biyu ganyen ƙasa ya sha ya kumbura. Bayan nan ne za ka toshe bakin bututun da babban yatsanka, ka cusa gindinsa cikin ramin har ya taɓa ƙasa, sannan ka saki. Daga wannan lokaci bututun ya zauna ke nan, ba a juya shi, ba a ɗaga shi, ko da hannu yana ƙaiƙayi. Ruwan zafin kuwa kaɗan-kaɗan ake zubawa a gindin bututun, kurɓa biyu ko uku a kowane zubi, a bar saman tudun a bushe, domin shi ne ajiyar da za ta riƙa sakin ɗanɗano a hankali har ruwan flas ɗin ya ƙare. Zubin farko shi ne mafi ɗaci, shi ya sa mai haɗawa ne yake shanye shi da kansa, wasu ma tofarwa suke yi.

Isufu Maraɗi

Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Mu a nan shayinmu a kan garwashi yake kwana yana tafasa, na farko ya fito da ɗaci, na biyu ya sassauta, na uku ya yi zaƙi, kuma ba wanda ya taɓa cewa wuta ta ɓata shi. Me zai sa wannan ganye ya zama ɗan gata da ba ya son tafasa? Ina zargin al'ada ce kawai ta mutanen can, ba wata hikima ba.

Hajiya Binta

Malam Isufu, bambancin yana cikin yawan ganye da yawan ruwa. Kai ɗan ganye kake sa wa ruwa mai yawa, kuma kana biyo shi da sukari mai yawa wanda yake danne ɗacin. A nan kuwa ganyen ya fi ruwan yawa, kuma ana so ƙoƙo ɗaya ya ɗauki zubi goma sha biyar ko fiye. Tafasasshen ruwa yana kwaso ɗaci da bauri duka a zubi biyu na farko, saura kuma su fito lami, abin da suke kira lavado, wato wankakke. Amma dafawar da Auwalu ya yi ba baƙuwa ba ce a can, akwai irinta da suke kira mate cocido, ana sa ɗan ganye kaɗan a ruwan zafi a tace, a sa sukari ko madara, har yara ake ba wa da safe, kuma ana sayar da shi a 'yan jakunkuna kamar na Lipton. Laifinsa dai ya cika ganye kuma ya bar shi ya daɗe a wuta.

Bashir

Ina gaishe da manya. Ni yanzu haka ina jihar Rio Grande do Sul a kudancin Burazil, ina aiki a mayankar kaji ta halal, kuma a nan ba ka shiga gida ko ofis ba tare da an miƙo maka shi ba, sai dai sunansa chimarrão, ƙoƙon kuma cuia. Abin da nake so in ƙara a kan bayanin Hajiya shi ne mai farawa ya san irin ganyen da ke hannunsa, domin bishiyar ɗaya ce amma sarrafawar ta sha bamban. Bayan an yanko rassan, ba a bari su kwana biyu, ana wuce da su ta cikin harshen wuta na 'yan daƙiƙoƙi domin kada ganyen ya yi baƙi, sannan a busar, a farfasa. Daga nan hanya ta rabu. Mutanen Ajantina da Faragwai suna zuba shi a buhuna su ajiye wata tara, shekara, har kusan shekara biyu, launinsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ɗanɗanonsa ya zauna. Mu a nan sabo ake niƙawa, kore shar, laushinsa kamar garin kuka, kuma ɗacinsa bai kai na Ajantina ba. Duk da haka ba zan ba mai koyo shawarar ya fara da namu ba, domin haɗa shi sai gwani, ni kaina na yi wata uku abokan aikina suna yi mini dariya kafin bututuna ya daina toshewa.

Auwalu, ka duba jikin ƙunshinka, idan an rubuta con palo, to akwai ƙirare a ciki, wato gutsattsarin rassa, kuma shi ne ya fi dacewa da kai, domin ƙiraren suna rage ƙarfi kuma suna ba ruwa hanya. A ƙa'idar abinci ta Ajantina, mai ƙirare ba ya wuce kashi 35 cikin ɗari na ƙirare, wanda aka cire wa kuma ba ya wuce kashi 10. Idan sin palo ko despalada aka rubuta, ganye ne zalla kuma ya fi ɗaci. Ranar da za ka sake saye, Playadito ya fi Taragüi sauƙi a baki. Canarias kuwa, wanda mutanen Yurugwai suke sha, ka bar shi tukuna, gari ne mai ƙarfi ba ƙirare, kuma abin mamaki a nan Burazil ake noma musu shi, domin su ba sa nomawa duk da sun fi kowa sha idan aka raba da yawan jama'a.

Malam Habibu

Na karanta bayanan Hajiya da na Bashir, kuma sun amfanar, sai dai ina ganin an tsawaita wa yaron nan hanya. Ni a Dimashƙu na fara shan wannan abu lokacin da nake karatu, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2011, kuma can ba ruwan yawancinsu da duma. Matte suke ce masa, bututun kuma massasa. Ɗan ƙaramin kofin gilashi ne, irin wanda Malam Isufu yake zuba shayi, a sa ganye ya kai rabi, a jiƙa shi da ruwan sanyi kaɗan, a sa bututu, sannan a riƙa ƙara ruwan zafi daga buta. A gidajen da na shiga kowa da kofinsa da bututunsa, ana ajiye sukari a tsakiya, mai so ya ɗiba. Babu funfuna, babu tudu, babu kifewa, idan an gama a wanke da sabulu a kife.

Dalilin zuwansa can kuwa shi ne tun ƙarshen ƙarni na 19, zamanin daular Usmaniyya, mutanen Sham da yawa suka yi ƙaura zuwa Ajantina, waɗanda suka dawo gida kuma suka dawo da ɗabi'ar. Garuruwa irin Yabrud da Suwaida sun yi suna a kansa, kuma iyayen Carlos Menem, wanda ya shugabanci Ajantina daga 1989 zuwa 1999, 'yan Yabrud ne. Har yau Siriya ce ta fi kowace ƙasa sayen ganyen da Ajantina take fitarwa. Na kawo wannan ne saboda dalili biyu. Na farko, wanda yake neman ganyen ya fara tambaya a kantunan Larabawan Labanan da Siriya, ni a irinsu na taɓa samun Piporé, wanda shi ne na saba gani a Sham. Na biyu, na san akwai masu tambayar a zuci ko ya halatta, to ganyen bishiya ne da ruwa, ba ya sa maye, ba a tsima shi, kuma na sha shi a gidajen malamai bayan buɗa-baki ba sau ɗaya ba.

Hajiya Binta

Malam, Allah ya gafarta, ban musa ba cewa gilashi ya fi sauƙi, kuma idan Auwalu yana so ya san ko ganyen ya karɓe shi kafin ya wahalar da kansa, hanyarka ce mafi kusa. Amma zan kare ƙoƙon kaɗan. Gilashi yana ƙona yatsu kuma yana saurin hucewa, ƙaramin kofi kuma ba ya ba da wurin tudun nan da yake sa a daɗe ana sha. Sannan dumar da suke amfani da ita ita ce dumar da muka sani, wadda muke fafe ƙwarya da ludayi da gora da ita, ita kanta kalmar mate daga harshen Kecuwa na 'yan asalin Kudancin Amurka ta fito kuma ƙoƙon take nufi, ba ganyen ba. Duk matar da ta taɓa sayen sabuwar ƙwarya ta san ba a dama fura a ciki ranar da aka sayo, sai an jiƙa an kankare ɗacin. Haka nan wannan. Ka cika shi da ganyen da aka riga aka sha, ka ƙara ruwan ɗumi, ka bar shi kwana ɗaya, ka zubar, ka kankare cikin da cokali har ɓawon nan mai laushi ya fita, ka maimaita sau biyu.

Game da funfunar, idan fari ne mai gashi-gashi kuma bai ci jikin dumar ba, ka kankare sosai, ka cika da ruwan zafi ka zubar, ka shanya a inda iska take kaɗawa har ya bushe ƙarau, sannan ka yi jiƙon da na faɗa. Idan wari ya ƙi fita ko jikin ya yi laushi, ka haƙura da shi. Amma idan ka ga cikin ya koma kore mai duhu ko baƙi-baƙi bayan an jima ana amfani, wannan rinin ganye ne, ba cuta ba. Abin da yake jawo funfuna shi ne barin jiƙaƙƙen ganye ya kwana, ko kife ƙoƙon da danshi, balle yanzu da damina. Da ka gama ka kwashe, ka ɗauraye da ruwa ba sabulu, ka goge da tsumma mai tsabta, ka kwantar da shi a gefe baki a buɗe.

Dakta Rabi

Ina so in tsaya a kan abu biyu da Auwalu ya ambata a wuce, wato ƙunar leɓe da rashin barci, domin su ne suka shafi aikina. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta sake duba abubuwan sha masu zafi. Matsayar da ta cimma ita ce shan kowane abu da zafinsa ya haura digiri 65 yana iya zama sanadin ciwon dajin maƙoshi, wato hanyar da abinci yake bi zuwa ciki, shi kuwa mate da ba a sha da tsananin zafi ba, ba ta sa shi cikin abubuwan da ake zargi ba. Bututun ƙarfe yana ƙara haɗarin ƙuna, domin yana kai ruwan can cikin baki ba tare da ya sha iska ba kamar yadda yake yi idan an kurɓa daga kofi. Saboda haka ni zan ce a tsaya a wajen digiri 70 a cikin flas, ruwan zai ƙara hucewa idan ya ratsa ganyen, kuma duk kurɓar da ta sa ka yamutsa fuska don zafi ta yi yawa. Malam Isufu, wannan magana ta haɗa da shayinku da kunun da muke sha yana tururi. Akwai kuma batun hayaƙi, domin wasu kamfanoni da hayaƙin itace suke busar da ganyen, hayaƙi kuwa yana barin sinadarai marasa kyau irin waɗanda ake samu a naman da ya ƙone, don haka wanda zai mayar da shi abin kullum ya nemi wanda aka rubuta sin humo, wato ba hayaƙi, a jikinsa.

Rashin barcin kuwa kafeyin ne, sinadarin da yake cikin gahawa da shayi da goro, kuma mate yana da tiyobiromin, wani sinadari ɗan'uwan kafeyin, kamar yadda goro yake da shi. Busasshen ganyen yana ɗauke da kafeyin wajen kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa, ƙoƙo ɗaya kuma yana cin giram 30 zuwa 50, ka ga wanda ya zauna shi kaɗai ya ƙarar da flas ya kusa ko ya kai miligiram 400 da ake cewa baligi mai lafiya kada ya wuce a yini. Mutanen can sukan raba wannan adadi ne tsakanin mutum uku ko huɗu. Mai juna biyu iyakarta miligiram 200. Mai hawan jini, da mai bugun zuciya, da mai gyambon ciki ko ƙwannafi su tuntuɓi likitansu tukuna. Mai ƙarancin jini kuma kada ya sha shi tare da abinci, ya ba da tazarar awa ɗaya ko biyu, domin yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki yake tsotsa daga abinci, kamar dai shayi. Masu tallarsa a intanet a matsayin maganin rage ƙiba kuwa, ciniki suke nema.

Auwalu

Na gode ƙwarai, Anti Dakta, yanzu na gane cewa rabon mutum huɗu na shanye ni kaɗai da daddare. Na duba ƙunshin kamar yadda Yaya Bashir ya ce, con palo ne. Tambayar da ta rage mini ita ce ta sukari, domin na ga wani bidiyo inda ake cewa wanda ya sa sukari bai san mate ba.

Isufu Maraɗi

Ƙanena, wanda ya faɗi haka ba shi zai haɗiye maka ɗacin ba. Ka sa sukarinka.

Hajiya Binta

A wannan karon ina bayan Malam Isufu, da sharaɗi ɗaya. A Ajantina kanta gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu shan amargo, mai ɗaci, da masu shan dulce, mai zaƙi, kuma tsofaffin mata da yawa da na sani da sukari suke sha, wasu har da ɓawon lemo busasshe ko na'ana'a. Sharaɗin shi ne kada ka zuba sukarin a flas, ka sa rubu'in ƙaramin cokali a gindin bututu kafin zubi uku na farko, bayan nan ɗacin ya sauka da kansa, ba ka bukatarsa. Ƙoƙon duma yana riƙe zaƙi, shi ya sa masu shan mai ɗaci ba sa yarda a sa sukari a nasu, kuma a yanayinmu yana kiran tururuwa da funfuna, don haka mai zaƙin ka yi shi a gilashin Malam Habibu.

Tunda ana maganar ladubba, bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Ranar farko da maƙwabciyata ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu na ce gracias, yadda tarbiyyarmu ta koya mana. Na shanye na mayar, sai na ga ƙoƙon yana ta zagayawa yana tsallake ni har aka tashi, na koma gida ina tunanin laifin da na yi. Ashe a wurinsu godiya tana nufin ka ƙoshi, ba a faɗinta sai a zubin da kake so ya zama na ƙarshe. Mai zubawa mutum ɗaya ne, cebador, shi ake mayar wa ƙoƙon kowane lokaci, kuma ana shanye ruwan duka har bututun ya yi ƙara, ba a kurɓa a miƙa wa na kusa.

Dakta Rabi

Hajiya, wannan zagayen da bututu ɗaya shi ne abin da ba zan ba kowa shawarar ya kwaikwaya ba. Zafin ruwan bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta da ke bakin bututu ba, kuma su kansu hukumomin Ajantina sun yi ta kira a daina a lokacin korona a 2020. A yi zaman tare, buta ɗaya, amma kowa da bututunsa kamar yadda Malam ya gani a Sham.

Bashir

Akwai hanyar da ba a ambata ba, kuma ina ganin ita ce za ta fi dacewa da wanda yake Kano a watan Afrilu. Mutanen Faragwai da ruwan ƙanƙara suke sha, sunansa tereré, a cikin kofin ƙahon sa da suke kira guampa, kuma sukan daka ganyayyaki irin na'ana'a su jefa a cikin ruwan. Guarani, mutanen da suka fara amfani da ganyen tun kafin zuwan Turawan Sifen, a wannan yanki suke, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar tereré cikin jerin al'adun gado na duniya a 2020. Haɗin duk ɗaya ne da wanda Hajiya ta bayyana, ruwan ne kawai yake da sanyi, kuma sanyin yana hana ɗacin fitowa da ƙarfi, ga shi babu zancen ƙuna. A arewa maso gabashin Ajantina har da ruwan lemo suke yi. Wanda ɗaci ya kora, a ganina ta nan ya kamata ya dawo.

Malam Habibu

Bashir, ban taɓa gwada na sanyi ba, kuma a raina ina jin kamar a ce a sha shayi da ƙanƙara ne, amma tunda kafeyin ɗin yana nan, kada Auwalu ya ɗauka ruwan sanyi ya ba shi lasisin sha da daddare. Ni ƙa'idata ita ce daga la'asar na rufe, in ban da watan azumi.

Auwalu

Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Ƙoƙon bai tsira ba, na kankare na shanya amma warin ya ƙi fita, gindinsa kuma ya yi laushi, don haka na koma kofin gilashi mai kauri. Ina sa ganye cokali uku, ina rufewa da tafin hannu in girgiza kamar yadda Hajiya ta ce, kuma gaskiya garin yana fitowa a hannu, bututun bai sake toshewa ba ko sau ɗaya. Ruwan kofi uku da ɗaya nake haɗawa, har na ɗan ƙara na randa saboda maganar Anti Dakta. Kwana huɗu na farko da sukari na sha, yanzu zubi na farko kawai nake sa wa, daga na uku kuma akwai wani ɗanɗano kamar na busasshiyar ciyawa da ɗan ƙauri wanda na fara jin daɗinsa. Da hantsi nake sha a shago, barcina kuma ya dawo daidai. Na gwada na sanyin sau ɗaya da na'ana'a, ya yi daɗi, har mahaifiyata ta karɓa ta kurɓa da nata cokalin ta ce wannan ai ruwan magani ne. Matsala ɗaya ta rage, daga zubi na shida ƙirare suke tasowa sama, kumfar ta ɓace, ruwan ya zama lami, alhali Hajiya ta ce ana kai goma sha biyar.

Hajiya Binta

Cokali uku ba za su kai ka goma sha biyar ba, kuma ina kyautata zaton kana cika kofin har ruwa ya rufe tudun. Ka rage zubin ya tsaya a rabin tsayin ganyen. Idan gefen bututun ya wanke, ka zare shi a hankali, ka cusa shi a ɗaya gefen inda ganyen yake a bushe, ka ci gaba da zubawa a can, wannan ne kaɗai lokacin da aka yarda a motsa shi. Idan kuma za ka je Kurmi, ka duba wajen masu ƙwarya ko za ka samu ƙaramar duma mai kaurin jiki da za ta cika tafin hannu, a fafe maka bakinta daidai faɗin yatsu uku, ka turo mana hotonta kafin ka jiƙa.